Babi na Bakwai: Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu

Me zai sa dattijo da furfurarsa ya sayi jirgin wasan yara, ya hana jikokinsa taɓawa, ya kulle shi a kabad ɗin gilashi? Duk wanda ya taɓa ganin irin waɗannan ƙananan jirage sai ya yi wannan tambaya. A Kumasi ba a manyan kantuna aka fi cin karo da su ba. A tulin kayan gwanjo ne da ake kwancewa daga Turai, a gefen Kejetia ko Adum ko bakin titi a Aboabo, cakuɗe da 'yartsana mai hannu ɗaya da motar roba da ta rasa taya. Ka sa hannu ka ɗago wani abu, ka ji ya fi girmansa nauyi, ga sanyi a tafin hannu. Fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, farfela a hanci, baƙin kuros ko da'ira mai launi uku a jiki. Mai kaya ya ce na yara ne, kawo abin da ka kawo.

Bai yi ƙarya ba, domin da wasan yara abin ya faro. Sai dai yawancin waɗanda ake ƙerawa yau, a jikin kwalinsu ma an rubuta cewa ba na yaron da bai kai shekara 14 ba ne. Kowanne kwafi ne na wani takamaiman jirgi da ya taɓa tashi, da lambarsa da rundunarsa, sau da yawa har da sunan matuƙinsa. Abin da 'yan Zango da dama ba su sani ba kuma shi ne, wasu daga cikin ainihin jiragen a ƙasar nan aka harhaɗa su, suka yada zango a Kano kafin su isa fagen daga. Za mu zo wurin. Bari mu fara da nauyin nan da ka ji a hannu.

Ƙarfen zubi

Wanda ya tashi a Zango ya ga masu zuba tukwanen goran-ruwa. Su kawo tukunya su danne ta da yashi mai danshi a cikin akwati, su zare ta a hankali ta bar siffarta, su narka gwangwanaye da tarkacen inji, su tuttula ta wata 'yar kafa. In ya huce a farfasa yashin, tukunya ta fito. Gobe in ana son wata, sai an sake gina mazubin tun daga farko.

Ɗan jirgin nan ma zubi ne, bambancin yana ga mazubi. Nasu na baƙin ƙarfe ne mai tauri, ɓari biyu, an sassaƙa siffar jirgin a ciki har da layin ƙusoshi da bakin salansa. Kuma ba tuttulawa ake yi ba, inji ne ke cusa narkakken ƙarfen da ƙarfin tsiya, ya shiga kowane lungu kafin ya daskare. Cikin 'yan daƙiƙoƙi mazubi ya buɗe, gangar jirgi ta faɗo, ya rufe, a sake. Mazubi ɗaya sai ya haifi dubbai. In ka duba bayan jirgin da kyau za ka ga wani siririn layi daga hanci zuwa wutsiya, nan ne ɓarin biyu suka haɗu. Daga nan sai goge kaifi, a fesa fenti, a buga tambari da lambobi da wani hatimin roba mai laushi da ke bin lanƙwasar jiki. Farfela da bindigogi da siraran sandunan da ke tallafe fiffike galibi roba ne, da hannu ake manna su ɗaya bayan ɗaya. Kaso mai tsoka na kuɗin abin a wannan aikin hannu yake tafiya.

Ƙarfen kansa gauraye ne da ake kira Zamak, wanda kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fito da shi a 1929. Kusan kashi 95 cikin ɗari tutiya ce, kashi 4 goran-ruwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙarafa. Yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, alhali baƙin ƙarfe sai zafin ya ninka haka sau uku da ɗoriya, shi ya sa mazubin ba ya jin komai.

Yana da cuta guda. In dalma ta shiga gaurayen, ko 'yar mitsitsiya ce, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya marmashe da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Jiragen da aka zuba kafin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa haka suka ƙare. Ba ta da magani, ba ta jin gam, ba ta jin walda. Tsohon da ya tsallake ta shi ne masu tarawa ke rububi a kansa.

Yadda abin yara ya koma na manya

Wasu 'yan'uwa masu buga mujalla a Shikago, dangin Dowst, su suka ga injin da ke zuba haruffan ɗab'i suka ce ai wannan zai iya zuba wasu abubuwan. Suka fara da maɓallai da ƙananan kayan ƙyale-ƙyale, wajen 1910 suka fitar da ɗan jirgi samfurin Blériot, jim kaɗan bayan Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a 1909. Kayansu ne aka sani daga baya da sunan Tootsietoy. A Ingila kuma kamfanin Meccano na Frank Hornby, a Liverpool, ya fara Dinky Toys a 1934. Matchbox ya biyo a 1953, Corgi a 1956.

Masana'antar Dinky ta Liverpool ta rufe a 1979, kasuwar yara ta koma ga roba da kayan batir. Amma yaran da suka yi wasa da na ƙarfe sun girma, sun sami albashi, suna begen abin da iyayensu suka zubar a shara. Kamfanoni suka juyo kansu. A 1998 Corgi ya buɗe jerin jiragensa na Aviation Archive domin manya, ana zuba su a Chaina, ana ƙayyade adadin kowane samfuri, a sa masa 'yar takarda mai lamba a kwali.

Sassaƙa mazubi ɗaya kuɗi ne mai yawa, don haka kamfani ba ya yin sa sai ga jirgin da ya tabbata zai sayu. In ya yi kuma sai ya tatse shi: gangar jiki ɗaya, bana a yi mata fentin wannan runduna, baɗi na waccan. Dalilin ke nan da ya sa duk inda ka juya Spitfire na Ingila ne da jan jirgin nan na Jamus mai fiffike uku, wasu jiragen kuwa da suka fi shafarmu sai ka sha nema.

Ɗaya bisa saba'in da biyu

A cikin jirgin ko a kwalinsa za ka ga an rubuta 1:72 ko 1:48. Ma'anarsa, duk inda ka auna a jikin ƙaramin, in ka ninka sau 72 ko sau 48, ka sami awon na gaske. Lambar 72 daga awon Ingilishi ta fito: inci ɗaya a madadin ƙafa shida, wato kimanin tsawon namiji. Tun shekarun 1930 masu ƙera ƙananan jirage a Ingila suka tsaya a kanta.

Mu gwada. Faɗin fikafikan Spitfire mita 11 ne da 'yan kai, a awon 1:72 sai ya dawo kusan santimita 15 da rabi. Hurricane ya ɗan fi shi, mita 12 da ɗoriya, ya dawo santimita 17. Sopwith Camel na Yaƙin Duniya na Farko kuwa mita 8 da rabi ne kacal, a wannan awon bai kai santimita 12 ba, wayoyinsa da sandunansa sun yi ƙanƙantar da yatsa ba zai iya da su ba. Shi ya sa jiragen Yaƙin Farko aka fi yin su a 1:48, inda Camel ke kusan santimita 18.

Amfanin awo ɗaya shi ne in ka jera jirage biyu, idonka ya gaya maka gaskiyar wanda ya fi wani girma. Tsofaffin Dinky ba su damu da wannan ba, nasu dai ya shiga kwali ya dace da hannun yaro.

Jiragen katako da zane

Abin dariya a nan, jiragen farko da ake kwaikwaya da ƙarfe, su kansu yawancinsu ba na ƙarfe ba ne. Firam ɗin katako ne, a lulluɓe shi da zanen lilin, a shafe da wani ruwa da ke ɗaure zanen ya yi tauri, a ɗaɗɗaure komai da waya. Matuƙi na zaune a fili, iska na dukansa, man inji na fesar masa a fuska.

'Yan'uwan Wright sun tashi ranar 17 ga Disamba 1903, tashin daƙiƙa 12. Ba a cika shekara takwas ba aka kai jirgi yaƙi, kuma a Afirka aka fara. A watan Oktoba 1911 sojan Italiya suka yi leƙen asiri da jirgi a Libiya, ranar 1 ga Nuwamba kuma wani hafsa, Giulio Gavotti, ya jefo gurneti da hannunsa a kan Ain Zara da Tajura kusa da Tarabulus. Bam na farko da ya faɗo daga jirgi, a ƙasar Afirka ya faɗo.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, aikin jirgi leƙe ne kawai. In abokan gaba biyu suka haɗu a sama sai harbi da ƙaramar bindiga, wanda da wuya ya sami kowa. Kowa ya gane cewa dabara ita ce a kafa mashinga a hanci, matuƙi ya saita da jirgin gaba ɗaya. To amma farfela na gaban bindiga. Ka harba, ka sare farfelarka da kanka.

Bafaranshe Roland Garros ya ɗaura wasu ƙarafa masu kusurwa a jikin farfela, harsashin da ya same ta ya goce. Ya kakkaɓo jirage da haka a watan Afrilu 1915, kafin jirginsa ya sauka a hannun Jamusawa. Kamfanin Anthony Fokker, mutumin Holan da ke ƙera wa Jamus jirage, ya zo da abin da ya fi: wata sanda da ke haɗa inji da kunamar bindiga, ta yadda bindiga ba ta tashi sai a daidai lokacin da reshen farfela ya kauce daga bakinta. Aka sa wannan a jirgin Eindecker mai fiffike ɗaya, ya yi watanni yana cin karensa ba babbaka. Daga nan jirgin farautar jirage ya zama sana'a mai zaman kanta. In ka ga ƙananan bindigogi biyu kwance a gaban matuƙi a jikin ɗan jirginka, suna kallon farfela kai tsaye, wannan dabara kake kallo.

Jan jirgin nan mai fiffike uku sunansa Fokker Dr.I, kuma na Manfred von Richthofen ne, wanda aka lissafa masa jirage 80 kafin a harbo shi ranar 21 ga Afrilu 1918. Guda 320 kawai aka ƙera, ba ko ɗaya na asali da ya rage cikakke a duniya. Camel kuwa an yi sama da 5,000. Duk da haka jan ne ya cika kasuwa, saboda launinsa da sunan mai shi. Matuƙan rundunarsa sun rina jiragensu da launuka masu ɗaukar ido ne don su gane juna a hargitsin sama, ba su san suna yi wa 'yan kasuwar bayan shekara ɗari talla ba.

Ni dai a ganina fentin nan yana rufe abu da yawa. Yawancin matuƙan samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, na Ingila ma ba a ba su lemar sauka ba, ga tankin fetur a kusa da su cikin jirgin katako da zane. Takardar da ke cikin kwali takan lissafa nasarori, ba ta cika faɗin yadda aka mutu ba.

Daga Takoradi zuwa Kano

A Yaƙin Farko sarakuna da jama'ar Gold Coast, har da na ƙasar Asante, sun tara kuɗi an saya wa Ingila jirage an rubuta sunansu a jiki, a daidai lokacin da Asantehene Prempeh na Ɗaya ke tsare a tsibirin Seychelles. Ko don Allah aka bayar ko don ganin idon Bature, wannan sai mai karatu ya auna da kansa.

Jirgi bai sauka a Kano ba sai ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne samfurin DH.9A na sojan saman Ingila, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Sudan da Maiduguri, suka sauka a filin dawakai na Kano. Ba na farautar jirage ba ne, na jefa bam ne masu kujera biyu, kuma danginsu ne aka yi amfani da su a 1920 wajen murƙushe Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a Somaliya. Ziyarar ba ta rasa nuna ƙarfi a ciki. Jagoran tafiyar, Arthur Coningham, tsohon matuƙin farauta ne a Yaƙin Farko. A riƙe sunansa.

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ya rufu wa Ingila. Tana bukatar jirage a Masar, kewayawa ta ƙasan Afirka a jirgin ruwa kuwa tafiyar watanni ce. Sai aka tuna da waccan hanya. Aka riƙa kawo jirage a wargaje cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar Takoradi, a sauke, a ɗaura fiffike, a gwada inji, su tashi. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940: Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba yana nuna hanya, Hurricane shida na biye. Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Janaina, Fashir, Hartum, sai Alƙahira. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agusta na shekarar ba, da tsakiyar hanyar ta yanke.

Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda ya karɓi ragamar rundunar saman hamada a 1941, wadda jiragen ke zuwa wa, shi ne dai Coningham ɗin da ya sauka a Kano shekara 16 kafin nan. In ka lura, rabin hanyar ta gabas tsohuwar hanyar alhazai ce, wadda kakanninmu suka taka da ƙafa da jaki.

An kuma sake tara kuɗi. Fam 5,000 aka yanka a matsayin kuɗin Spitfire ɗaya, garuruwa da ƙasashen mulkin mallaka suka yi ta karo-karo. Runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan Nijeriya, ta 218 ta ɗauki na Gold Coast. Shi kansa kamfanin Meccano a 1940 ya zuba ɗan Spitfire na maƙalawa a riga, ana sayarwa kuɗin na shiga asusun sayen na gaske. A ƙasa kuma sojan Gold Coast Regiment, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, suna Gabashin Afirka, daga baya Boma. Da yawansu da suka dawo a zangunan Kumasi da Tamale da Ankara suka zauna. Wanda ke son ganin kayan wancan zamani da idonsa, tsohuwar ganuwar soja da ke Adum, wadda yanzu gidan tarihin sojan Gana ce, tana da motocin sulke da bindigogin kakkaɓo jirgi da hotuna.

Yaya za ka gane jirgin wannan hanya a cikin tuli? Dubi launi: ruwan ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki. Sannan dubi ƙarƙashin hanci. Hurricane ɗin da aka tura hamada yana da wani kumburi a haɓa, matacin iska ne da aka ƙara don kada ƙura ta cinye injin. Wanda ya yi aiki a cikin Ingila ba shi da shi. Akwai kuma Tomahawk na Amurka, wanda runduna ta 112 ta zana wa bakin kifi mai haƙora, shi ma da yawansa ta Takoradi suka bi. Ba kowane jirgin hamada ne ya bi ta nan ba, amma in ka riƙe ɗaya daga cikin waɗannan, ka riƙe irin abin da mutanen Kano suka riƙa ɗaga kai suna kallo a sararin birninsu.

In ka tsinci ɗaya

Juya shi ka karanta cikinsa, nan ake zuba sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi. Kara masa maganaɗisu: Zamak ba ya kamawa, in ya kama to gwangwani ne aka lanƙwasa, wani dangi ne daban. Duba fiffike da wutsiya ko akwai ƙananan tsage-tsage da kumburi, in akwai, cutar nan ce, kada ka zuba kuɗi. Ƙirga reshen farfela da tayoyi, su ne farkon ɓata.

Kada ka sake masa fenti. Wannan ne kuskuren da aka fi yi. Mutum ya ga ya koɗe, ya kai wa mai fentin mota ya fesa masa sabo, ya ɗauka ya gyara, alhali ya kashe darajarsa. A wurin masu tarawa tsohon fenti da ƙujewarsa ya fi sabo mai sheƙi. Kwali ma kada ka yar, wani lokaci shi ke ninka farashi. Ka nisanta shi da rana da laima, in harmatan ya sa masa ƙura ka share da burushi mai laushi, ban da sabulu da soso. Tsofaffin kuma kada a bar wa jariri, domin fentin da can yakan ƙunshi dalma.

Kada kuma kowa ya ɗauka arziki ne ke kwance a gwanjo. Yawancin abin da ke isowa nan ya sha hannun yara, ba kwali, ba farfela, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Saye shi don kana son sa, ko don ka nuna wa ɗanka kumburin nan na haɓa ka ba shi labarin Takoradi.

Duk jiragen da muka ambata a wannan babi wasu ne suka zuba su a wata ƙasa suka aiko mana. Amma yaran Zango ba su taɓa jiran gwanjo ba. Da gwangwanin madara da waya da tsohon silifa suke ƙera nasu motoci da jirage, wasunsu kuma a Suame Magazine suka ƙare, suna zuba kayan gyaran mota na gaske. Su ne maganar babi na gaba.